Kaya nawa zan sa wa jaririna a wannan sanyin na hunturu?

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min da shawara. Haihuwar fari ce, yau kwana goma, namiji ne, da aka auna shi a asibiti kilo 3 ne da ɗan wani abu. A Zariya muke, na zo wankan gida, kuma sanyin bana ba a magana. Goggona da ke min wanka kullum sai ta sa masa singileti da oba'ol biyu da rigar sanyi, ta naɗe shi da shawul ta ƙara da bargo, da dare kuma a shigo da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa. Ni kuma ina ganin yana zufa har ƙuraje sun feso masa a wuya, amma in na taɓa hannunsa sai in ji sanyi ƙalau. In na ce a rage kayan sai a ce ni yarinya ce ban san komai ba, zan sa masa limoniya. Wai kaya nawa ya kamata a sa wa jariri, kuma ta yaya zan gane sanyi yake ji ko zafi?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata, barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana shi ya ɗayyaba, ke kuma ya ba ki lafiyar shayarwa. In na fahimce ki da kyau abu biyu ne ke damunki, yawan kayan da ya dace da yaro ɗan kwana goma a cikin hunturu, da kuma yadda za ki gane halin da jikinsa yake ciki tunda shi ba baki gare shi ba. Zan amsa duka biyun insha Allah, amma akwai abu na uku a cikin saƙonki da ba ki tambaya ba kuma shi ya fi tayar min da hankali, don haka da shi zan fara.

Kaskon gawayin nan

Dan Allah daga daren yau kar a sake kwana da shi a ɗaki. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba, kabon monokzayid, ba ta da wari ba ta da kala, ba za ki ga hayaƙi ba balle ki ce ga ta nan, ko garwashin ya yi jajir ya daina hayaƙi tana nan tana fita. Babba ma sai dai ya ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya ya ɗauka zazzaɓi ne zai kama shi, wani kuma barci ne zai ɗauke shi shikenan. To ina ga jariri da yake jan numfashi sau 40 zuwa 60 a minti ɗaya. A shekarun da na yi ina aiki a ɗakin haihuwa da ɓangaren jarirai na sha ganin an kawo maijego da asuba tana amai kanta kamar zai tsage, in ka bi diddigi sai ka tarar kasko ne aka kwana da shi. Ga kuma gobara, kin san yadda komai yake bushewa ƙayau a wannan lokacin, gefen zani ko gidan sauro kawai zai taɓa garwashi. In dole sai an ɗumama ɗakin to a shigo da shi da yamma na ɗan lokaci taga a buɗe yaron yana wani ɗakin, a fitar da shi, iska ta ɗan zaga, sannan a shigo da yaro a rufe. Haka janareta, kar a ajiye shi a bakin taga ko a soro kusa da inda kuke kwana. Turaren wuta ma a yi shi lokacin da yaron baya ciki.

Goggo tana da gaskiyarta

Kar ki ɗauka tsoron da take ji na banza ne. Sanyi yana kashe jarirai, wannan ba camfi ba ne, kuma tsofaffinmu sun gani da idonsu shi ya sa suke rawar jiki a kai. Jariri ba kamar ni da ke ba ne. Kansa babba ne in aka kwatanta da sauran jikin, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kai ne, fatarsa siririya, kitsen da ke ƙarƙashinta kaɗan ne, sannan baya iya karkarwa yadda babba ke yi don jikinsa ya ɗau ɗumi. Abin da Allah ya ba shi wani kitse ne na musamman a tsakanin kafaɗu da wuya da gefen ƙoda, shi yake ƙonawa in ya ji sanyi, kuma ƙona shi yana cinye sukarin jikinsa da iskar da yake shaƙa. Shi ya sa yaron da sanyi ya kama za ki ga ya yi laƙwas, ya ƙi kama nono, rashin shan nonon ya ƙara masa sanyin, a haka abu ke ta'azzara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5 a ma'auni, in ya sauka ƙasa da 36.5 sanyi ya fara shigarsa.

Inda Goggo ta wuce gona da iri shi ne jariri kamar yadda baya iya kare kansa daga sanyi haka baya iya kare kansa daga zafi. Ba zai iya ture bargo ba, ba zai iya cire hula ba. Zufar da kika gani da ƙurajen wuyan nan jikinsa ne yake faɗa miki kayan sun yi yawa. Kuma zufa a hunturu ita kanta hanyar shigar sanyi ce, singileti ta jiƙe, a zo canja pampas a buɗe shi, busasshiyar iskar nan ta bugi jiƙaƙƙiyar riga, nan take jikinsa ya yi sanyi fiye da a ce tun farko kaya biyu aka sa masa. Bayan haka yaron da ya sha zafi yana yin barci mai nauyi ya kasa tashi shan nono, ruwan jikinsa ya ragu, kuma likitocin yara sun daɗe da gano cewa yawan lulluɓi da rufe fuska suna cikin abubuwan da ke jawo mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci.

Maganar limoniya kuma, ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, daga tari da atishawa da hannun masu ɗaukarsa. Sanyi da hayaƙi da ƙura suna raunana yaro su buɗe mata ƙofa, wannan gaskiya ne, amma oba'ol na uku baya hana ta. Abin da ya fi hana ta shi ne nono, da rigakafi, da hana mai mura ɗaukarsa ko da 'yan barka ne, da wanke hannu.

To kaya nawa

Ƙa'idar da nake ba kowace maijego kafin mu sallame ta mai sauƙi ce, ki dubi abin da ke jikinki wanda kika ji daidai da shi a cikin ɗakin, ki ƙara masa guda ɗaya a kai, in sanyin ya tsananta biyu. Ba wani adadi da za a riƙe safe da rana da dare, saboda hunturunmu yanayi biyu ne a yini ɗaya. A Zariya ko Kano cikin Disamba da Janairu da asuba ma'auni yakan sauka wajen 12 zuwa 14, a Jos har ƙasa da haka, amma kafin la'asar ya haura kusan 30. Kin ga kayan da suka dace da ƙarfe biyar na asuba azaba ne da ƙarfe biyu na rana, kuma kuskuren da na fi gani kenan, a shirya yaro da sassafe a bar shi a haka har magariba.

Ga yaro irin naki mai kilo 3 da ya cika watanninsa, da dare da asuba singileti ta auduga, oba'ol mai dogon hannu mai rufe ƙafa, safa, hula marar nauyi, sai shawul ɗaya ko ƙaramin bargonsa, in kin ji ke kanki sai da kika ƙara rigar sanyi a ɗakin to shi ma ki ɗora masa 'yar suwaita. Da hantsi in rana ta ɗaga ki cire suwaitar da shawul. Da tsakar rana singileti da oba'ol marar kauri sun isa, wani lokacin ma hular a cire. Da an yi la'asar sakaliya iska ta fara kaɗawa sai ki fara mayar masa ɗaya bayan ɗaya. Sirara guda uku sun fi ƙato guda ɗaya, don iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi kuma kina iya zare ɗaya ba tare da kin tuɓe shi gaba ɗaya ba.

Wanda zai taɓa fatarsa ya zama auduga. Yawancin oba'ol masu gashi-gashi ɗin nan masu kyau a ido da ake sa wa a kayan barka roba ce, ba sa tsotse zufa, su dai a bar su a sama in za a fita. Ulu ma kar ya taɓa fata kai tsaye, yana sa ƙaiƙayi. Ba sai kin kashe kuɗi da yawa ba, gwanjo mai kyau na auduga ya fi sabo na roba, ki wanke shi tas ki shanya a rana ki goge, kawai ki kakkaɓe ƙura kafin ki sa masa don shanyar hunturu kin san yadda take kwaso ƙura.

Hula tana da muhimmanci a satuttukan farko, balle tunda an yi suna na san wanzami ya riga ya masa aski, kan yana tas babu abin da zai tare. Amma ta zama daidai kansa, ba mai zamowa ta rufe ido da hanci ba, ba mai igiya a wuya ba. In kin cire ta kin ji kan ya jiƙe to ɗakin ya yi masa ɗumi, ki bar shi haka. 'Yan'uwanmu da ke Ingila za su ce musu an hana su sa wa jariri hula in zai yi barci a cikin gida, gaskiya ne, su gidajensu da na'urar ɗumama ɗaki, ana ce musu su tsayar da ɗakin tsakanin 16 da 20, kuma su cire masa ƙatuwar rigar sanyi kafin a ɗaure shi a kujerar mota don bel ɗin ya kama jikinsa. Mu da iska ke shigowa ta ƙasan ƙofa da jikin rufin kwano lissafinmu daban ne.

Yadda za ki gane

Hannunsa da kike taɓawa shi ke ruɗa ki. Tafin hannun jariri kusan kullum ya fi sauran jikinsa sanyi, jininsa bai gama zagayawa sosai zuwa can ba, kuma shi ne a waje. Ki zura bayan hannunki ta wuyan rigarsa ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa zuwa tsakanin kafaɗu, sannan ki taɓa tafin ƙafarsa. In ƙirji da ɗumi a bushe, ƙafa ma da ɗumi, kin dace kar ki ƙara kar ki rage. In ƙirji da ɗumi amma ƙafa ta yi sanyi ya fara jin sanyi, ki sa safa ki ƙara abu ɗaya ki ba shi nono. In ƙeya ta jiƙe, fuska ta yi ja, yana ta mutsu-mutsu yana numfashi da sauri, ki rage. In kuwa ƙirjin kansa ne ya yi sanyi to wannan ba maganar ƙara bargo ba ce, bargo baya ƙirƙirar zafi, wanda jiki ya fitar kawai yake riƙewa, yaron da ya riga ya huce in kika naɗe shi a bargo kamar kin naɗe dutse ne.

Abin da za ki yi a nan shi ne ki tuɓe shi ki bar masa pampas da hula da safa, ki kwantar da shi a ƙirjinki tsakanin nonuwanki fata ta taɓa fata, kansa a juye gefe hanci a buɗe, ki rufe ku biyu da zani da rigar sanyi, kina ba shi nono. Wannan dabarar a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara ta a asibiti a 1978 saboda ƙarancin kwalbar bakwaini, yanzu duk duniya ana yi, a asibitocinmu ana ce mata goyon kangaru. Ba zan manta wata yarinya bakwaini ba da aka kawo mana wata safiyar Janairu, kakarta ta rungumo ta cikin bargo har biyu, da na zura hannu cikin bargon cikinta sanyi kamar randa, leɓenta ya dushe ko kuka ba ta iyawa. An mata wanka ne bayan sallar asuba a tsakar gida. Ba wuta a lokacin, muka kwance wa uwar riga muka manna mata ita muka ɗaure da zani, muna tatsar nono muna ɗiga mata da ƙaramin kofi. Kafin azahar ƙafafunta sun yi ɗumi ta fara neman nono da kanta, kakar tana gefe tana ta hawaye tana hamdala. In da hali ki sayi ma'aunin zafi na dijital a kemis, ba shi da tsada, a hammata ake sa shi, zai raba ki da kokwanto ya kuma raba gardama tsakaninki da Goggo.

Wanka da jiƙa, ta nan sanyi ya fi shiga

A ganina yawancin jariran da sanyi ke kamawa a gidajenmu ba ƙarancin kaya ne ya jawo ba, wanka ne da kwana cikin fitsari. Mun saba wanka safe da yamma, kuma sau da yawa ana haɗa na jaririn da na maijego tun da duku-duku saboda lokacin aka dafa ruwa. Ki roƙi Goggo a raba, naki a yi shi lokacin da aka saba in kin ga dama, nasa a bari sai rana ta fito sosai wajen sha ɗaya ko sha biyu, sau ɗaya ya isa, da yamma a goge masa wuya da hammata da matsematsi da tsumma mai ɗumi. A cikin ɗaki, ƙofa da taga a rufe, fanka a kashe. Kafin ki tuɓe shi komai ya zama yana kusa, tawul biyu, pampas, mai, kayan da zai sa a jere, ba sai yana tsirara ana a miƙo min kaza ba. Ruwan ki gwada da gwiwar hannunki, ɗumi ba zafi ba, minti biyar ya isa. Da an fito da shi a fara tsane kai, a yar da jiƙaƙƙen tawul a ɗauki busasshe, hula ta fara shiga kafin komai. Kayan ma ki ɗan cusa su a jikinki ko ki sa su a rana kafin wankan su yi ɗumi.

Fatarsa za ta bushe har ta yi saɓa, man kaɗanya mai kyau ko man kwakwa ko basilin marar turare sun wadatar, ki murza a tafinki ya narke tukuna. Amma dan Allah banda Robb da mantaleta da duk wani mai mai yaji a ƙirji ko hanci ko maɗiga, kuma kar a zuba ƙwallayen kafur a akwatin kayansa. Akwai yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, irin waɗannan kafur yana farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani da kan taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba a gane mai shi da ido. In hancinsa ya toshe saboda ƙura akwai ruwan gishiri na ɗigawa a hanci na jarirai a kemis, shi ya fi. Pampas ko nafkin kuma ki duba duk lokacin da ya tashi shan nono da dare, in cibiyar ba ta gama warkewa ba ki lanƙwasa bakin pampas ɗin ƙasa da ita ta sha iska.

Wajen kwanciya, a rigingine zai kwanta, ba filo, lulluɓinsa ya tsaya a ƙirji a cusa gefe da gefe kar ya hau fuska. Na san tare kuke kwana kamar kowace maijego, to kar ki ja shi cikin ƙaton bargonki, shi da nasa ke da naki, kuma ki tuna ɗumin jikinki ma kamar riga ɗaya ne a lissafi. Ki matsar da shimfiɗar daga jikin bango da saitin taga, ki toshe ƙasan ƙofa da tsumma, gidan sauro ma yana ɗan tare iska. Nono kuwa ki ba shi duk sanda ya nema, sau 8 zuwa 12 a yini da kwana, shi ne makamashin da yake ɗumama kansa da shi, ba ruwan zafi ba shayi ba jiƙo har wata shida. Ranar da za ku fita rigakafi ki bari hantsi ya yi, in a Keke ne ki zauna tsakiya ki juya shi yana fuskantar ƙirjinki, ki kare shi daga iska da mayafi marar kauri amma kar ki turmuƙe shi cikin ƙaton hijabi, da kun shiga asibiti ki sassauta masa.

Ita Goggo kar ki yi musu da ita a gaban mutane, hidima take miki kuma ƙaunar yaron ce ta sa. Ki bari sai kuna ku biyu ki kama hannunta ki sa a ƙeyarsa ta ji zufar da kanta, ki ce Goggo ji yadda ya jiƙe ko mu cire masa ɗaya mu gani. In za ki koma asibiti ki tafi da ita ki yi tambayar a gabanta, manya sun fi karɓar magana daga bakin nas, ni kaina na sha yin wannan sulhun. Maganar kasko kuwa in ta gagara ki sa mahaifiyarki ko baban yaron su sa baki yau ɗin nan.

Duk wannan bayanin na yi shi ne a kan yaro lafiyayye mai nauyi irin wanda kika faɗa, ni ban ga ɗanki ba ban taɓa shi ba, kuma saƙo baya maye gurbin dubawa. Bakwaini ko wanda bai kai kilo 2.5 ba ko tagwaye hukuncinsu daban, su kusan a ƙirjin uwa ya kamata su yini su kwana, wankansu ma sai yadda asibiti suka tsara. Kuma in kika ga ya ƙi kama nono, ko ya yi laƙwas sai an tashe shi da ƙyar, ko numfashinsa ya kai 60 a minti yana kwance shiru, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko yana gurnani, ko jijjiga, ko idonsa da tafin ƙafarsa sun yi ɗorawa, ko ma'auni ya nuna 38 ko ƙasa da 35.5, ko kin yi awa ɗaya da shi a ƙirji bai ɗau ɗumi ba, to kar a jira gari ya waye kar a tsaya kemis, a tafi asibiti yana manne a ƙirjinki. A jariri sanyin jiki kansa yana iya zama alamar cuta ta shiga jini, ba lallai sai zazzaɓi ba.

Ƙurajen wuyan nan in na zufa ne, ƙanana jajaye a lanƙwasar fata, da kin rage kayan kina tsane wurin za su kwanta cikin 'yan kwanaki, kar ki shafa musu mai mai kauri kar ki barbaɗa hoda. In kika ga sun ɗuri ruwa ko sun yi farin kai kamar da mugunya to a kai shi a duba. Ki gwada kwana uku ki sake rubuto min yadda kuka kwana, ki gaida min Goggo da kyau.